Muryar Yaya a Cikin Wayata

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙafar Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ya aikin shago?

Yaya, sau uku ina ɗaukar waya in kira ka ina fasawa, shi ya sa na koma ga takarda.

A wannan zangon karatun an ba mu aikin shirya fim na minti biyar a makaranta. Kafin a taɓa kyamara sai kowa ya kawo tsarinsa: batun da ya zaɓa, binciken da ya yi, da wanda zai yi hira da shi. Ni na zaɓi masu in'ina. Na yi karatu a laburare, na zana yadda kowane hoto zai fito, amma na rasa wanda zai yarda ya yi magana.

Ka tuna ranar da na zo shagonka lokacin hutu, kana goge ƙafar wata kujera, na yi ta jan ka da hira? Har ka ba ni labarin malamin firamare da yake tsayar da kai gaban aji ka yi karatu, yara suna kwaikwayon in'inarka. Duk wannan lokacin wayata tana cikin jaka tana ɗaukar muryarka. Ban gaya maka ba.

Ranar Talata na gabatar da tsarina, na kunna muryar a aji. Da ka maƙale a kan kalmar "makaranta", wasu a baya suka fashe da dariya. Ni ma na yi murmushi, don kada a gane abin ya taɓa ni. Wata ta tambaya ko wane ne, na ce wani kafinta ne a unguwarmu.

Malamarmu ba ta yi dariya ba. Ta nemi takardar da ke nuna ka amince, na miƙa mata. Ni na sa hannu a madadinka. Har yabon ƙoƙarina ta yi, ina tsaye kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun ranar abinci ba ya shiga. Kai ka kawo ni makarantar nan, ka ɗauko min akwati har ƙofar ɗaki. Gobe zan faɗa wa malamar gaskiya, ko da za a soke aikin. Don Allah ka yafe min.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da ƙafar Mama ta saki.

Na faɗa wa malamar. Ta rage min maki, ta sa na goge muryar a gabanta, ta ce in sake tsari daga farko. Duk ya fi min sauƙi a kan saƙonka.

Minti shida, Yaya, kai da ba ka taɓa tura wa kowa saƙon murya ba. Ka ce dariya ka saba da ita tun kana ƙarami, "wani kafinta" ne ya tsaya maka a rai. Nan na ajiye wayar, sai da na wanke fuska na iya jin sauran.

Ban zaci za ka ce in zo da kyamarar ba. Zan zo ranar Asabar in sha Allah. Sharaɗinka kuma na karɓa: wajen haɗa fim ɗin ba zan yanke ko wuri ɗaya da ka maƙale ba, ko da minti biyar ɗin za su ƙare a magana uku.

A gaida kowa.

Taka,
Auta