Zaren Awon Yaya Balkisu

Dakoro, 4 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Balkisu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zafin Arlit? Da fatan mutanen gidan aikinki suna lafiya. Inna na can ƙauyen Mai Yara, ƙafarta ta yi sauƙi, tana gaishe ki.

Tunda wayarki ta mutu, ga takarda ta hannun Agali direba. Yaya, na san kin tafi aikatau ne don in zauna lakwal in yi karatu, ni kuwa na faɗi jarrabawa sau biyu na bari. Kunyar wannan ce ta hana ni rubuto miki. Yanzu wata bakwai ke nan ina koyon ɗinki a santir ɗin koyon sana'a, tare da irina da suka bar karatu. Ni da kike cewa ko maɓalli ban iya sawa, yau har wuyan riga nake fitarwa.

Madam Fadimata, mai koya mana, ta ce kowa ta ɗinka wa wani nata riga ranar gwajin ƙarshe. Ni ke nake so in ɗinka wa. Ki samu zare ki zagaya kafaɗa, ƙirji da ƙugu, ki ƙulla kowane, ki ba Agali. Shekara huɗu ban gan ki ba, ina kewarki ƙwarai.

Ƙanwarki,
Nuriyya

Dakoro, 26 ga Afrilu

Yaya Balkisu,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Takardarki ta iso, da zaren. Kin ce kina cikin daɗi, har kin yi ƙiba.

Na shimfiɗa zaren a kan teburi. Na auna sau uku, ina cewa ni ce na yi shirme kamar kullum. Madam ta zo ta duba, ta ɗauka rigar yarinya 'yar shekara goma sha biyu zan yanka. Na fita bayan aji na yi kuka.

Yaya, ke da zane ɗaya ba ya kai miki? Bakinki ya iya ɓoye mini, ƙullin nan bai iya ba. Ban gaya wa Inna ba tukuna.

Ban bi zaren ba. Na yanka atamfar da faɗin da na san ki da shi, ko da Madam za ta rage mini maki. An ce wanda ya ci gwajin za a ba shi keken ɗinki. In na samu, ni zan riƙe gida, ya isa haka.

Ba zan ba Agali rigar ba. Tana nan rataye. Ki dawo gida mu ciyar da ke har ta yi miki daidai.

Taki mai jiranki,
Nuriyya