A Saurari Fiddausi da Muryar da Take da Ita

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Sauka,
Makarantar Haddar Alƙur'ani ta 'Ya'yan Hausawa,
Ainu Shams, Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malam, ina gaishe ka da girmamawa, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar wannan makaranta, wadda ta sa yaranmu da suka tashi a Masar ba su rasa karatun gida ba.

Ni ce Bilkisu, mai koyar da ajin 'yan mata na sama. Na zo ofishinka kan maganar jarrabawar saukar wata ɗalibata, aka ce mini doka ce, kuma ba a canza doka saboda mutum ɗaya. Shi ya sa na rubuta a fili, zan liƙa a allon sanarwa, in kuma tura zauren iyaye na waya. Kafin in ambaci sunan ɗalibata Fiddausi na nemi izininta da na iyayenta. Mahaifinta, Alhaji Lawali, ɗan kasuwar nan mutumin Damagaram, cewa ya yi in rubuta, tunda dai ana ta zancen 'yarsa a bakin masallaci, gara a yi shi da gaskiya.

Na ɗaya: abin da ke damunta.

Ba mura ba ce. Ba tarin fuka ba ne, kuma ba ya yaɗuwa, ko da a kofi ɗaya aka sha ruwa da ita. Ba kambun baka ba ne, kamar yadda wasu iyaye mata ke raɗa wa juna saboda daɗin karatun da take da shi a da. Cuta ce da ake haihuwar mutum da ita, likitoci suna kiranta sistik faibrosis, a asibitocin nan kuma talayyuf kisi. Majinar jikin mai ita kauri take yi, ta danƙare a huhu, ta riƙe ƙwayoyin cuta. Kullum safiya, kafin yarinyar nan ta hau jirgin metro ta zo mana, sai mahaifiyarta ta bubbuga mata baya da ƙirji ta yi kaki, sannan ta zauna gaban wata na'ura ta shaƙi magani kamar tururi. Da yamma a maimaita. A haka ta haddace Alƙur'ani, shafi bayan shafi, ba ta taɓa zuwa mini da uzuri ba.

Dishewar muryar daga nan ta samo asali. Likitarta ta yi mana bayani ni da mahaifiyar: tarin shekara da shekaru yana gurje maƙogwaro, majinar hanci tana gangarowa ta kwanta a kansa, sannan shi kansa maganin da take shaƙa, wanda ke tsare huhun, sai ya ratsa ta inda murya ke fita, ya bar wurin a bushe. Wata rana muryar ta fito da kaushi, wata rana ta ɗauke tsakiyar kalma. Hayaƙi da ƙura da doguwar magana suna ƙara ta'azzara abin.

Lokacin da ta shigo ajina ita ce ke ja wa sauran baki. Idan aji ya ɗauki tilawa gaba ɗaya, muryarta ce a sama, sauran suna bin ta. Yanzu idan suka ɗauka, har yau kunnena yana zuwa wajen da ya saba samunta, sai in tarar da gurbi. Ina dubawa kuma ga ta nan a layin gaba, leɓɓanta suna tafiya daidai da kowa.

Na biyu: ranar jarrabawa.

Kana wurin, Malam, amma kana can gaban zaure, ni kuwa ina zaune kusa da ita, saboda haka bari in faɗa maka abin da aka gani daga inda muke.

An tara 'yan matan tun da hantsi. An rufe tagogi saboda ƙarar kekunan tuktuk da masu talla a titi. An kunna turaren wuta a kasko biyu, turare mai kyau da iyaye suka kawo don girmama Littafin Allah, kuma duk lokacin da ya lafa sai a ƙara. Ban zargi kowa kan wannan ba, haka muka taso muka gani. Amma hayaƙin da ke yi mana ƙamshi, ita shaƙe ta yake yi. Na roƙi a bar ta ta jira a baranda, aka ce wanda aka kira sunansa ba ya cikin zaure ya wuce. Sai ta zauna, ta toshe baki da gefen hijabi tana danne tari don kada ta katse wa masu karatu. Ba a kira ta ba sai bayan azahar.

Kun zauna nesa, kamar yadda ya dace tsakanin malamai maza da 'yan mata. Da ta yi tari kafin ta fara, ɗaya daga cikin dattawa ya ƙara jan kujerarsa baya. Ta gani. Aka ja mata aya daga Suratul An'ami, ta ɗauka, ta yi kusan rabin shafi, sai muryar ta tafi. Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da karatu, iska kawai ke fita, ni da ke gefenta ina jin kowane harafi daga mafitarsa, maddarta cikakkiya, ba ta tsallake ko wasali ba. Ku kuma kuna ganin yarinya tana motsa baki shiru. Aka ce ta ɗaga murya. Ta yi ƙoƙari, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, tari ya ƙwace mata.

A nan ne ka yi maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Cikin tausayi ka faɗe ta, na shaida. Ka ce: "Ma'alish, yi haƙuri, 'yata. Je ki sha shayin yansun da zuma. Idan muryar ta warke, ki dawo bayan Sallah mu saurare ki."

Na uku: abin da wannan magana ta haifar.

Allah ya gafarta Malam, yansun da zuma da citta da hulba babu wanda ba a dafa mata ba. Wannan dishewa ba irin ta mai mura ba ce da za a jira ta wuce. Tana sauƙi, tana dawowa, muddin tana tari kuma tana shaƙar maganinta. Fiddausi ta fi mu duka sanin haka. Yarinya ce mai kaifin tunani, sai ta yi lissafin da mu manya ba mu yi ba: Malam ya ce sai murya ta washe, abin da ke dusar da muryar, wanda ke hannunta, shi ne maganin.

Bayan 'yan makonni na je duba ta a gidansu. Duk wanda ya saba hawa benen nan da la'asar ya san gurnanin na'urarta, tun daga hawa na biyu ake jiyo shi. Ranar na hau har ƙofa ban ji komai ba, ban kuma kawo komai a raina ba. Ita ta buɗe mini. Ta amsa sallamata da murya wadda na daɗe ban ji irinta ba, ba garau ba, amma ta fito. Na rungume ta, na yi ta hamdala. Sai da muka zauna na lura da yadda take jan numfashi tsakanin kalma da kalma, da wani kurman sauti a ƙirjinta kamar ruwa na tafasa a rufaffiyar tukunya. Na tambaye ta. Sai ta ce mini ta daina shaƙar maganin. Tana shiga ɗaki ta rufe ƙofa, idan mahaifiyarta na kusa ta kunna na'urar babu komai a ciki, idan ta fita kasuwa ko kunnawar ba ta yi. Ta ce: "Malama, zuwa bayan Sallah ne kawai. In na sauke, halas, shi ke nan, sai in koma."

Wannan sallama tata ba ta bar kunnena ba har yau. Muryar da na yi wa hamdala, da huhunta ta saye ta.

Washegari muka kai ta asibiti. Ƙirjin ya cika, ƙwayoyin cuta sun samu wuri, sai da aka kwantar da ita aka yi ta ba ta magani ta jijiya. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce abin da huhu ya rasa a irin wannan cuta ba kullum yake dawowa ba, kuma akwai abubuwan da za a gwada don sauƙaƙa wa maƙogwaron, kamar kurkure baki bayan shaƙa da yawan shan ruwa da hutar da murya, har a duba ko za a sauya maganin. Amma ita likitar ce za ta sauya, ba yarinya a bayan ƙofa ba.

A barandar asibitin ne Hajiya Rakiya, mahaifiyarta, ta ba ni labarin da ban taɓa sani ba. Fiddausi tana da yaya, Zuwaira, wadda ta rasu a Damagaram kafin su taso Masar. Ita ma tari, ita ma rama, ita ma idan aka sumbaci goshinta sai a ji gishiri, wanda alama ce ta wannan ciwo. A lokacin babu wanda ya san sunan ciwon, an yi ta maganin tarin fuka har Allah ya karɓi abarsa. A shekararta ta ƙarshe muryarta ta dishe. Hajiya ta ce abin da ya fi cin ta shi ne, duk yadda ta rufe ido ta nemi muryar Zuwaira ta lokacin lafiya, ba ta samunta. Fuskar tana nan, tafiyar tana nan, amma in ta buɗe baki a cikin tunaninta, dishewar ce ke fitowa. Likita ta sha faɗa mata cewa dishewar Fiddausi ba alamar ajali ba ce, alamar tari ce da magani. Ta ce ta ji, ta yarda. Amma ta ce ita ma, a makonnin da muryar ta fara washewa, daɗi ta ji, ba ta so ta bincika dalili ba.

Na huɗu: ta fuskar ilmi, kuma a nan ni ɗalibarka ce.

Kai ka koya mana cewa abin da ake nema ga mahaddaci shi ne ya riƙe nassi, ya fitar da harafi daga mafitarsa, ya ba shi haƙƙinsa, ya san inda ake tsayawa. Zaƙin murya da ƙarfinta kyauta ce, ba sharaɗi ba. Karatun da muke yi a azahar da la'asar babu mai jin sa sai mai yin sa, kuma karatu ne. Na yarda dole malami ya ji da kunnensa kafin ya shaida. To ai ana jin Fiddausi. Sai dai a matso.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

A saurare ta da safe, bayan ta gama gyaran ƙirjinta, lokacin da muryar ta fi ƙarfi. A yi a ɗakin da aka buɗe tagoginsa, babu turare. A raba mata zaman kashi-kashi, ta huta ta sha ruwa a tsakani. Idan kusantar ce matsala, mahaifinta ya zauna a tsakaninku, ko a sa mata makirfo, ko a wakilta ɗaya daga cikin malamai mata masu ijaza ta zauna gwiwa da gwiwa da ita. Kada a sassauta mata ko aya ɗaya. Ita ma ba za ta yarda ba, kuma ba ta bukata.

Ina kuma roƙon a sanar da iyaye daga bakin kwamiti cewa ciwonta ba a ɗaukarsa, don 'yan ajin da aka hana zama kusa da ita su dawo wurinsu.

Roƙona na ƙarshe shi ne mafi gaggawa, kuma ba ya bukatar zaman kwamiti. An sallamo Fiddausi daga asibiti, ta koma kan maganinta, muryar ta sake dishewa fiye da da. Hajiya Rakiya yanzu tsayawa take a kanta har na'urar ta gama, amma ba za ta iya tsayawa kullum ba, kuma Sallah tana matsowa. Da na tambayi Fiddausi ko za ta sake yin abin da ta yi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na faɗa mata, likita ta faɗa mata, mahaifinta ya yi rarrashi ya yi faɗa. Duk ta ji mu. Amma mu ba mu ne za mu shaida saukarta ba. Maganar da ta zauna mata a rai taka ce, kai kaɗai kuma za ka iya janye ta.

Ka kira Alhaji Lawali yau, Malam, ka ce a ba Fiddausi wayar. Ka faɗa mata da bakinka cewa ba sai ta warke ba, ta sha maganinta, ta zo da muryar da take da ita, za ka saurara. Wataƙila ba za ka ji amsarta sosai ta waya ba. Ka ɗan yi haƙuri a kan layin, tana amsawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa Alƙur'anin da ka yi wa hidima ya cece ka, ya ba ka ikon yin abin da ya fi zama alheri. Allah ya jiƙan Zuwaira, ya ba Fiddausi numfashi mai sauƙi.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibarka,
Malama Bilkisu,
Ajin 'yan mata na sama.