Dardumar Baba Ta Shiga Marina

Damagaram, Rajab, 1955

Zuwa ga yayana Lawwali a Matamaye. Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan iyali suna lafiya.

Bayan haka, Yaya, akwai wani dattijo Balaraben Gadamas a nan Birni, mai tara tsofaffin dardumai na alharini. Na ba shi labarin dardumar da Baba ya zo da ita daga Makka, wadda ke hannunka. Ya ce yana so ya gani da idonsa, ya faɗa mana inda aka saƙa ta da darajarta. Kallo kawai zai yi, sayarwa ba ta cikin maganar. Za mu zo ran kasuwa ta biyu bayan ta gobe. Roƙona ɗaya, a bar ta yadda take, ko wanki kada a yi mata.

Ƙaninka, Alhaji Salisu.

Daga Lawwali zuwa ga Salisu. Gaisuwa.

Malam Ummaru ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce masa kada ya sassauta ko kalma.

Ashe ka san hanyar Matamaye? Da ka dawo daga Makka kamyonka, babbar motar nan, ya wuce ta ƙofar gidana, ko ruwa ba ka tsaya ka sha ba. Ka aiko mini da tasbaha a hannun direba kamar wani maƙwabci. Yau darduma ta tuna maka kana da wa.

Wai a bar ta yadda take. Na gane. So kake Balarabenka ya ga ta koɗe, gezarta ta zaizaye, ya ce mutumin ƙauye bai iya riƙon gado ba, kai kuma ka shimfiɗa sabuwarka mai walƙiya kusa da ita. Ni na goya ka, Salisu. Ba kai za ka koya mini karɓar baƙo ba.

Ku zo. Za ku gani. A gaida matarka Balki da yara. Wassalam.

Daga Lawwali zuwa ga Salisu. Gaisuwa, da fatan kun sauka lafiya.

Wa ya sa ka? Abin da nake tambaya ke nan.

Kun tafi ba mu yi magana ba, to ga yadda aka yi. Rigar da ta tsufa, marina ake kai ta, kowa ya sani. Na ɗauki dardumar na kai ta garin Kance wurin Ɗan'azumi marini. Ya shafa ta ya ce, "Baba Lawwali, wannan ba ta rami ba ce, furanninta za su mutu." Na ce, "Kai ka gada ko ni?" Ya tsoma. Masu bugu suka buge ta har ta yi ƙyalli. Baduku ya yanke gezar, ya kalmashe baki da jar fata. Wallahi da na ɗauko ta sai da na yi murna, na ce ko sarki ya taka wannan.

Ni da kaina na tara dattawan unguwa a zaure don su shaida. Ka ga abin da ya biyo. Tsohon nan ya durƙusa, ya juya bayanta, ya bi ƙulle-ƙullen da farce. Ya ce saƙar ƙasar Farisa ce, ta girmi kakanmu, yarinya masaƙiya takan shekara a kan kamu ɗaya. Ya duba hannunsa duk shuni, ya ce, "Wa ya yi mata haka?" Da ya zage ni da na sami abin ramawa. Bai zaga ba. Shayin ma bai sha ba.

Kafin in buɗe baki sai na ji ka ce, "Ni na aiko a rina ta, Yaya ya hana, na nace." Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar akuyar da aka kama a rumbu, na bar ka da ita.

Yanzu duk inda na zauna kai ake ci. Tanko mahauci ya ce, "Alhajin birni ya ɓata maka gado, Allah ya isar maka." Tun ran da ka bar garin nan nake son in ji an faɗi laifinka a bainar jama'a. Ga shi ana faɗa, amma ban ji daɗinsa ba. Jiya na hangi Ɗan'azumi a kasuwa, na bi ta bayan rumfunan masu gyaɗa kamar ɓarawo. Bai faɗa wa kowa ba. Gaishe ni ma ya aiko a yi.

Ban roƙe ka sutura ba. Wassalam.

Damagaram, Sha'aban

Zuwa ga Yaya Lawwali. Gaisuwa da ban girma.

Ba wanda ya sa ni. Na ga gemunka yana rawa a gaban mutanen da kake kwana kake tashi da su. Ni baƙo ne a Matamaye, zagin can ba ya iso ni. Ka bar maganar a inda take.

Balaraben ya ce a naɗe ta, kada a ninke, kada ta ga rana. Batun kamyo kuwa gaskiyarka ce, na yi kuskure, ka yafe mini.

Ƙaninka, Salisu.

Daga Lawwali. Gaisuwa.

Zagin yana iso ni, ni.

Ran Juma'a bayan salla na miƙe a ƙofar masallaci zan faɗa cewa ni na kai ta marina. Jama'a suka juyo. Sai na ji bakina yana tambayar ko an ga jakina.

Ka zo ran kasuwa ka tsaya a gefena. In kana tsaye zan faɗa, ko muryar ta fita ko ba ta fita ba. In ba ka zo ba ba zan iya ba, kuma alhakin yana wuyanka.

Kada ka zo da Balarabe. Matata Indo ta ce za ta dama fura.

Yayanka, Lawwali.