Kibiyata ce ta ƙona kan mai jego, 'yata ake zagi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, da fatan an tashi lafiya, ya iyali, ya hidima. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk canza su na yi. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da 'ya'ya huɗu na fara riƙe fensir, wannan saƙon ma tun jiya nake haɗa shi a waya kaɗan-kaɗan. Abin da nake roƙo, kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. In kun kai ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, amma ban da zagi, wanda nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni makitsiya ce a nan Wudil, tun ina budurwa nake kitso. A wurin mahaifiyata na koya, Allah ya ji ƙanta, kuma ita ta bar mini kibiyar da nake tsaga da ita, ta ƙarfe ce, bakinta ya siɗe saboda daɗewa. Kullum tana soke a kaina ƙarƙashin ɗankwali. Duk unguwarmu an san ni da tsaga, in na ja layi daga goshi zuwa ƙeya ba ya karkacewa. 'Yata ta fari, zan kira ta Uwani, ita ba ta tsaya a kitso ba. Ta yi ta roƙon mahaifinta har ya bar ta ta je Kano wurin ƙanwarsa ta koyi gyaran gashi irin na zamani, su rini da rilaksa, wannan man mai sakin gashi. Malam, mahaifin nata, bai so ba, ya ce abin da ake sa masa safar hannu kafin a taɓa shi ba abin shafa wa kan mutane ba ne. Ni na tsaya mata. Da ta dawo ya ba ta ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure, ya ce ranar da aka kawo masa ƙara, ranar zai rufe. Shekara guda ke nan ba a kawo ba.

Kayan aikinta duk na roba ne: kum mai doguwar jela na raba gashi, da 'yan abin matse gashi da take ce wa kilif, da buroshi, da ɗan kwano. Tun farko ta zaunar da ni ta yi mini bayani, saboda nakan taya ta in mata sun taru. Ta ce in za a sa rilaksa ba a son komai ya karci fatar kai, ba sosa, ba tsefe a ranar, ba ƙarfe. Jelar kum ɗin a saman gashi ake bi da ita, a raba shi gida huɗu, a matse kowane gida. Ta ce man nan in ya sami ƙofa ko ta kai ƙwayar gero, shiga yake yi ya ci nama. Na ce na ji. Wallahi na ji, kuma na gane, ba zan ce muku ban sani ba.

Yau kwana goma sha ɗaya, ranar Asabar da hantsi, aminiyata Ladidi ta shigo da 'yarta Sa'a. Ni da Ladidi katanga ce ta raba mu, benci ɗaya muka zauna a ajin yaƙi da jahilci, ita ke riƙe mini goyo in zan yi rubutu a allo. Sa'a haihuwar fari ta zo yi gida, ta gama wanka, an yi arba'in, saura kwana uku a mayar da ita ɗakinta a Indabo. Kun san kan mai jego, kwana arba'in yana shan ruwan zafi da gumi ba gyara, gashin ya cukurkuɗe, ga amosani fari fat. Uwani ta tambaye ta yaushe ta tsefe, ta ce kwana uku, kamar yadda aka ce mata. Ta tambaye ta ko ta sosa, ta ce ko ƙaiƙayi ya dame ta bubbugawa take yi da tafin hannu. Uwani ta buɗe gashin nan da can ta duba, ta ce lafiya lau. Sai ta ga ruwan da za a wanke kan bai isa ba, ta miƙo mini kum da kilif ta ce, "Umma, raba mini shi huɗu kafin in ɗebo ruwa, a sama-sama dai." Ta ɗauki bokiti biyu ta fita.

Na sa jelar robar nan, tana lanƙwasa. Na sake sawa, gashin ya ƙi ba ta hanya, layin ya fita a karkace. Ladidi tana zaune a kan tabarma tana jijjiga jariri, ta leƙo ta yi dariya ta ce wai wannan ce tsagar da ake zuwa nema tun daga Lajawa, ita dai hanyar shanu take gani, ko tsufa ne ya kama hannun? Wasa take yi, haka muke da ita kullum. To me ya shiga kaina? Har yanzu ina tambayar kaina. Mace mai jikoki, maganar wasa ta sa ni jin kunya kamar yarinya? Hannuna kawai na ji ya tafi ƙarƙashin ɗankwali. Na ce a raina layi biyu ne kacal, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ba zan danna ba. Amma hannun da ya shekara talatin yana dannawa ina ya san sama-sama? Kibiyar na sauka a fatar Sa'a ta lumshe ido ta ce, "Inna, don Allah ɗan sosa mini nan, kwana uku ina azaba." Duk makitsiya ta san wannan. In kai ya zo gabanka da amosani, kana tsagawa kana kankare shi da kibiya, kyautatawa ce, har godiya ake yi. Na sosa mata tsakiyar kai. Ta ce in ƙara ta gefen kunne, na ƙara. Amosani yana zuba a kafaɗarta, tana sa mini albarka, Ladidi tana cewa yanzu ta ga aiki. Sai da na ji ƙarar bokiti a zaure hankalina ya dawo jikina. Na kakkaɓe mata kafaɗa, na matse gida huɗun da kilif, na mayar da kibiyar inda take.

Nan ne wurin da ya fi ci mini rai. A lokacin ba a buɗe man ba tukuna. Kalma ɗaya zan faɗa, a ce Sa'a ta je ta dawo bayan kwana uku, ko a yi mata kitso kawai. Na buɗe baki, na dubi Ladidi, na dubi yarinyar nan tana sa safar hannu, na ce a raina yanzu a gaban mutane 'yar cikina za ta ce mini ba ta hana ni ba? Na yi shiru. Na ce wa kaina ai ban ga jini ba, wataƙila ba komai.

Uwani ba ta gama shafa wa gida na biyu ba Sa'a ta fara karkaɗa ƙafa. Ta ce zafi. Ladidi ta ce ta daure, wanda ya haihu me zai ji kuma. Uwani ta tsaya ta tambaye ta irin zafin, ta ce kamar an zuba barkono. Nan take ta ajiye buroshi ta ja ta bakin rariya ta yi ta kwara ruwa, ta wanke ta sake wankewa, Sa'a tana riƙe da gwiwata tana hawaye ba sauti. Washegari gashin ya manne da fata, ruwa yana tsattsafowa. Kwana biyu kan ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, sai da aka kai ta asibiti. Yanzu ciwon ya fara bushewa, alhamdu lillahi, amma gashin tsakiyar kai da na gefen kunne ya zube, kuma ba a san ko zai fito ba. Komawa Indabo an ɗaga. Kayan garar da aka haɗa suna nan a ɗakin Ladidi a jibge. Na je dubiya, ta ɗaga mini ɗankwali, na ga layina guda biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ko karkacewa ba su yi ba. Ko a cikin kawuna ɗari zan gane hannuna.

Ranar da aka kai Sa'a asibiti Uwani ta same ni a madafi ina tankaɗe. Ta tsuguna ta ce, "Umma, da kika raba gashin, kin ga wani ƙurji?" Na ce ban gani ba. Ta ce, "Da na robar kika raba, ko?" Ban ɗago ba na ce, "Da me kuma?" Ta ce to, ta tashi. Ƙaryar da na yi ke nan.

Yanzu duk unguwa ita ake zagi. Wai ta je Kano wata shida ta dawo tana gwaji a kan 'ya'yan mutane. Wasu sun ce man da ya lalace take sayowa. Matan da suke layi a ƙofar ɗakinta ko ɗaya ba ta ƙara leƙowa ba, har wata da ta yi wa rini tun kafin salla ta aiko wai kanta yana ƙaiƙayi. Ladidi ba ta daina gaishe ni ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ta ce mini ta katanga ita ba ta riƙe ni da komai ba, ta san da ni kaɗai ce da haka ba ta faru ba, yaran yanzu ne ba sa jin magana. Na ce Allah ya kyauta. Ita da Sa'a ba su san sosawar nan ita ce sila ba, a wurinsu alheri na yi. Uwani kuwa ba ta kare kanta ko sau ɗaya ba. Ta wanke kum ɗinta da kilif ta zuba a leda ta ɗaure. Cewa take yi laifinta ne, wanda zai shafa mai shi ya kamata ya raba gashi da hannunsa, kuma ya sake duba fata kafin ya shafa.

Malam ya yanke magana. Jibi Juma'a dangin mijin Sa'a za su shigo kasuwa daga Indabo, za su biya gidan su Ladidi bayan an sauko daga masallaci. Ya ce ni zan raka Uwani ta durƙusa a gabansu ta ba da haƙuri, in mun dawo ta miƙa masa makullin ɗakin, ita da wannan sana'a har abada. Ta ce to. Amma ta ce in ta je za ta roƙi Sa'a ta ba ta labarin ranar daga shigowarsu har fitarsu, don ko ba za ta ƙara taɓa kan kowa ba tana so ta san inda ta yi kuskure. To kun gani. Sa'a za ta faɗa da zuciya ɗaya, wataƙila ma tana yabona, a gaban surukanta, a gaban uwarta.

Na san za ku ce in kira ta in faɗa mata mana. Na gwada. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, yarinyar nan nake cewa, ba mu saba zama mu haɗa ido mu yi doguwar magana ba. Ta ina zan fara? In ce na ji gargaɗinki na take, na ga za ki shafa na yi shiru, kin tambaye ni na yi miki ƙarya, kwana goma sha ɗaya ana cin mutuncinki ina kallo? Malam fa, da ni na sa shi ya yarda? Ladidi fa, da 'yarta take kwance da sanƙo a kai? Kuma in na faɗa, ɗakin zai tsira, ko cewa zai yi uwa da 'ya duk mu bar taɓa kan mutane? Kibiyar ma tun ranar na cire ta, na tura ta cikin buhun gero. Sau biyu ina niyyar in jefa ta kogi in na bi ta gada, in tuna ta mahaifiyata ce, kuma ba ita ta yi laifin ba.

Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida sai ga Uwani ta fito da kai a tsefe. Ta jawo 'yar kujera ta zauna a gabana ta ba ni baya, ta ce in kama mata ko guda shida ne, kada ta je gidan mutane haka. Na kai hannu ƙarƙashin ɗankwali, na ji wayam. Na ce ta miƙo mini kum ɗinta. Ta tashi ta kwance ledar nan ta kawo mini na robar. Ina tsagawa layin yana karkacewa, ita ko motsi ba ta yi. Na kai na huɗu sai ta ce, a hankali, ba ta juyo ba, "Umma, kwana goma ban ga kibiyarki ba." Na ce tana nan. Ta ce, "To." Da na gama ta ce an gode, ta shige ɗaki.

Ban sani ba ko ta gane tana jira in faɗa da bakina, ko ta gane ta zaɓi ta je ta durƙusa a madadina. Na biyun nan shi ya hana ni sukuni. Gobe kaɗai ta rage mini. In fara da ita, ko da Malam, ko in zagaya wurin Ladidi tun kafin baƙi su zo? Iyaye mata da ke wannan shafi, da ku masu gyaran gashi da kuka san abin da na yi, ku dubi girman Allah ku ba ni amsa yau. Me zan yi?