Inna, Tukunyarki Tana Kife a Birnin Kebbi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kulu mai tuwon tasha, Argungu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗiya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji inda kike kwance, ni ce autarki Hadiza. Na san takarda ba ta isa inda kinka tafi, kuma ko kina raye sai an karanta miki. Amma magana ta cika mini ciki, kuma ba wanda zai gane ta sai ke.

Inna, na ba da tukunyarki.

Ki yi haƙuri in maimaita abin da kin fi ni sani, don cikin masu karanta wannan akwai waɗanda ba su taɓa cin tuwonki ba, Allah sarki.

Rumfarki tana bakin tashar mota. Benci ne da randa, sai tuwon shinkafa da miyar kifi, shi ke nan. Tukunyar miya guda ce, baƙa, ta ƙarfe, mai kunne ɗaya tun da Yaya Bello ya yar da ita yana yaro. Gari na wayewa kina bakin gulbi wurin masunta, kina buɗa kunnen kifi kina leƙawa. Wanda ya kwana ko kyauta ba ki karɓa.

Ba ki da allo, ba ki da suna a rubuce. Turmi ne kawai a ƙofar rumfa. In ba komai a kansa, akwai abinci. In miya ta ƙare, sai ki wanke tukunyar ki kife ta a kan turmin, kowa ya san sai gobe. Direbobin Birnin Kebbi da na Sakkwato tun daga kwana suke miƙa wuya su duba turmin nan kafin su taka birki.

Wallahi abin yana ba ni haushi ina budurwa. Azahar ba ta yi ba mun tashi, maƙwabta kuwa suna ta zuba wa mutane har la'asar. Ga tuwo ya rage, ga masu yunwa tsaye da kwano, ludayi biyu na ruwa ya isa miyar ta kai su. Na faɗa miki sau ba adadi. Amsarki ba ta canzawa: "Ruwa kyauta nika ba da shi ga randa, ba ni saida ma mutane shi cikin miya."

In na nuna miki wanda ya juya yana ƙunƙuni, sai ki yi dariya ki ce, "Ƙyale shi, ɗiyata. Wanda ya rasa yau shi ka riga kowa zuwa gobe." Haka kuwa ake yi.

Kin san bakin kowa. Kin san wanda barkono ke tayar wa ciwon ciki, da wanda ke jin kunyar neman ƙari. Kan kifi kuwa na Malam Garba direba ne, mai bas ɗin nan da ƙofarta ba ta rufuwa sai da igiya. 'Yan kamasho sun sha faɗa da shi don ya ƙi jiran mota ta cika, wai kar ya iske tukunyar Inna a kife.

Ranar da kinka rasu, da asuba ne. Ba wanda ya iya fita ya faɗa wa mutanen tasha. Ni dai na tsinci kaina a rumfa da hantsi, ko wuta ba a hura ba, na ɗauki tukunyar na kife ta a kan turmi na koma gida. Ba a taɓa ganin ta kife a wannan lokacin ba. Direbobi sunka ajiye motoci, sunka taho ƙofar gidanmu sunka cire takalma sunka zauna. Ba wanda ya aika musu, Inna.

Na riƙe rumfar bayanki. Hannuna bai kai naki ba, na sani, amma ban taɓa ƙara ruwa ba. Sai anka mayar da tasha bayan gari, motoci sunka daina bi ta gabanmu. Ranar farko da la'asar ta yi mini da miya a tukunya, zama na yi ina kallon ta. Ba ta ƙare ba balle in kife ta, kuma ba mai zuwa. Na yi kuka kamar ranar kinka rasu.

Yaya Bello ya bar aikinsa na Sakkwato ya dawo. Ya ce ana ta maganar za a yanke mana jiha, kuma in anka yi, Birnin Kebbi za ta cika da ma'aikata masu neman abinci kowane lokaci, ba masu jiran gobe ba. Ya ce sunanki shi ne jarin da kinka bar mana, zunubi ne mu bar shi ya mutu a rumfar da ba mai bi. Ya kama wuri can a bakin titi, ya sa fanka da firji da kujeru, ya ɗinka wa 'yan aiki kaya iri ɗaya. Ya sa anka rubuta sunanki a babban allo, da zanen tukunya a gefe.

Ba zan yi miki ƙarya ba, wurin ya karɓu. Daga safe har bayan isha'i ba a rasa abinci. Jikokinki suna makaranta da kuɗinsa, ni ma daga nan nake ci. Ba zan zagi yayana ba, ya yi abin da ya ga zai riƙe gida. Sai dai na leƙa madafa wata rana na ga yarinya da bokitin ruwa a kan miya, na kau da kai na fito.

Sai ya nemi tukunyar. Ya ce mutane suna tambaya, suna son ganin ta gaske ba zane ba. Na daɗe ina ƙi. Da damina ta kayar da rufin rumfa, ba ni da sauran hujja, kuma shi ne babba. Na naɗe ta a zanenki na ba shi.

Ya gina mata ɗan dakali a ƙofar shiga, ya kife ta a kai, ya bi bakinta da siminti don kar ɓarayi su ɗauke. Tana nan kife dare da rana. Mutane suna shafa ta su wuce ciki su ci su ƙoshi.

Juma'ar da ta wuce ina zaune a wurin da hantsi, sai ga bas ta tsaya. Malam Garba ne, Inna. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat, da ƙyar ya sauko. Ya ji labarin 'ya'yan Inna sun buɗe wuri, ya taho da murnarsa yana gyara hula.

Yana isowa ƙofa ya ga tukunyar, sai ya tsaya cik. Ga ƙamshi, ga mutane ciki suna ci, yana ganin su. Bai shiga ba. Ya daɗe yana kallon kunnen nan ɗaya, sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya shafa, ya juya ya koma motarsa.

Na miƙe in kira shi in ce akwai abinci, har kan kifi akwai. Sai na koma na zauna. Me zan ce masa? Duk cikin mutanen nan shi kaɗai ya san abin da tukunyar ke faɗi, kuma gaskiya ta faɗa masa. Abincin Inna ya ƙare.

Ina kewar ki, Innata. Ina kewar faɗanki, da warin hayaƙin zanenki, da yadda kike hura mini loma kafin ki ba ni ko da na girma.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Yadda ba ki taɓa cutar mai yunwa ba, Allah Ya ciyar da ke abincin Aljanna, Ya shayar da ke daga Alkausara. Ya shirya mu, ni da Yaya Bello, Ya haɗa mu da ke inda ba a rabuwa. Amin.

Turmin yana ɗakina. Shi ban ba kowa ba, kuma ban aza komai a kansa ba.

Ɗiyarki,
Hadiza