Surukina ya ɗinka wa mai jego bargon lantarki

Hajiya Zulaihatu, ki taimake ni kafin Asabar. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga makarantar matan aure.

'Yata ta zo wankan gida nan unguwar Yara, haihuwar fari. Da can muna da gadon ƙasa, wanda ake hura wa wuta a ƙarƙashi mai jego ta gasa jiki, amma maigida ya rushe ɗakin ya yi wa 'yan jami'a ɗakunan haya. Ranar suna na yi ta mita, ashe mijin 'yar tawa yana zaure yana ji. Aikinsa jan wayar wuta a sababbin gidajen Abuja. Bayan kwana biyar sai ga shi da bargo, ya zare wayar hita ya sa tela ya ɗinke ta ciki, ya naɗe bakin da baƙin salatif. Ya durƙusa ya ce ga gadon wuta na zamani.

Da ya tafi na jona. Zafi kam akwai, amma ƙauri ya tashi kamar ana babbakar kan rago. Na cusa shi bayan akwati. Yarinyar nan da danshin wanka take kwanciya, ga jariri. Duk Asabar in ya zo ya tambaya sai in aika a ce ba wuta. Ni da nake zagin masu wuta, yanzu addu'a nake su ɗauke. To, ya ce wannan Asabar da janareta zai zo. Da wane baki zan ce wa suruki aikinsa bai yi ba?

Uwar mai jego, Yara, Keffi

Uwar mai jego, barka da arziki. Rubutunki ya fita sarai, kuma hancinki ya yi gaskiya. Kada kowa ya kwanta a bargon nan. Na kanti ma, mai na'urar da ke kashe shi in ya yi zafi, ba a yarda a sa jariri ko jiƙaƙƙen jiki a kansa ba, balle wayar hita da salatif. Waya tana karyewa in an naɗe, kuma kin san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi.

Shi ma a yi masa adalci. Mitarki ya ji, ya kasa zama. Irin wannan suruki ba a kunyata shi, amma ƙaryar rashin wuta ta ƙare. Ki kira gwaggonsa ko yayarsa yau, ki fara da godiya, ki ce ƙauri kika ji. Mai aikin wuta ya san ma'anar ƙauri, ba zai yi musu ba.

Mai jego kuwa, bargo na gaske da robar ruwan ɗumi a naɗe cikin tawul sun isa. Gasa jiki mai tsanani ma likitoci na cewa yana wahalar da zuciya, ki tambaya a asibiti.

In har hannunsa na ƙaiƙayin hidima, ki ce kajin mai jego sun ƙare. Allah ya raya, ya ba uwa lafiyar shayarwa.