Gardamar Baba Labbo

Kurawa, 8 ga Yuli, 1984

Zuwa ga ƙanena Kalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rahmatu da yara. Yaya Kaduna, yaya aikin masaƙa, yaya kuka yi sallah? Mu nan lafiya lau, in dai ta jiki ake tambaya. Inna ta ce in gaishe ka, garin rogon da ka aiko ya iso.

Ka tambayi labarin ruwa. Babu. Shuka biyu muka yi, duk sun ƙone tun ba su kai tsawon yatsa ba. Rijiyar bakin masallaci sau uku muna ƙara wa gugarta igiya. Tun da aka rufe iyaka hatsin kasuwar Sabon Birni ya zama abin kallo.

Ciyayyarmu ta ƙofar gidan Usmanu tela tana nan. Bayan magariba kowa ya fito da akushinsa, sai dai abin da ke ciki ya zama abin kunya. Abin da ya rage mana mai auki shi ne gardama, kuma za ka yi dariya in ka ji a kan me. Mutanen da ba su da tuwon gobe sun zauna suna neman wanda ya fi kowa a ’yan wasan Ingila. Usmanu ya riƙe Sebastian Coe mai gudu. Ni na ce Daley Thompson, domin wasa goma yake yi shi kaɗai, da gudu da tsalle da jifa, ga shi ubansa ɗan ƙasarmu ne. Baba Labbo kuwa, tsohon mahaucin nan da ya yi tashen dambe muna yara, ya kafe a kan ɗan dambe Frank Bruno, wanda yake kira Buruno. Hujjarsa ɗaya: karo ashirin da ɗaya, duk kisa, kuma gwiwarsa ba ta taɓa kai ƙasa ba. Ya ce wa Usmanu, “Gudu wasa na? Ai ko tsoro na sa shi.” Rediyon Usmanu ya tafi a kwano shida na dawa tun kafin azumi, don haka da tsohon labari muke ta dambatawa.

Kada ka ɗauka mun zare. Akushin Baba Labbo ya daina fitowa tun farkon Mayu. Ɗansa Illo ya haura Maraɗi da fatu aka rufe iyaka da shi, har yau shiru. Ɗan abin da surukarsa Larai ta samu, jikoki yake bar wa, ya ce mata ya ci a waje. Ka san shi, ba ya karɓar sadaka, kuma ba ya zama ciyayya hannu rabbana. Amma in abinci ya tarar da mutum tsakiyar magana, ƙin sa hannu cin fuska ne. Shi ya sa muke tayar da gardamar tun la’asar, mu ja ta har akusa su fito. Wannan lomar ita ce cinsa na yini. Ba wanda ya taɓa faɗin haka da baki, kai ma ka bar shi a cikinka.

Ka gaishe da Rahmatu.

Wanka,
Attahiru

Kurawa, 29 ga Yuli, 1984

Ƙanena Kalilu,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta jaririya. Allah Ya raba ta da zazzaɓin nan. Wasiƙarka ta same ni ranar kasuwar Isa.

An yi yayyafi ranar Talata, muka kwashi sauran iri muka zuba a ƙasa. Kwana biyar ke nan sama fes. Gida huɗu a unguwarmu sun rufe ƙofa da ƙaya sun yi kudu. ’Yan ajina arba’in da biyu ne a rajista, ranar Alhamis goma sha ɗaya na koyar, su ma rabi suna gyangyaɗi.

Labarin da ka ba ni ya hana ni sukuni. Ashe tun watan Mayu wani Ba’amurke ya kwantar da Buruno a turmi na goma, mu muna nan muna ta ihu a kan wanda bai taɓa faɗuwa ba! Kalilu, ka samo mini jaridar, ko mujallar da ka ce ka gani da hoto. Na san abin da za ka ce. Wallahi ba za ni nuna wa kowa ba. So nake in ajiye a akwati, in riƙa dubawa ina hucewa.

Domin tsohon nan ya fara wuce gona da iri. Shekaranjiya, gaban mutane har da iyayen ɗalibaina, ya ce wanda ke wasa goma bai iya ko ɗaya ba, kamar malamin firamare. Aka kwashe da dariya, har Usmanu yana riƙe ciki. Ya ƙara da cewa, “Malam Atta, kai da ba ka taɓa shan naushi ba, mi ka sani ga maza?” Na yi murmushi na haɗiye, amma abin ya yi mini ciwo. Shekara goma sha tara ina riƙe da alli. Ni ne kuma nake zuba masa gefen tuwon da ya fi kauri, in juya akushin ya fuskance shi. Ya rame ƙwarai, agogon fatar da ke hannunsa har gwiwar hannu yake zamewa, amma bakin nan ko kaɗan bai rame ba.

A turo ta hannun direban da ya kawo garin.

Naka,
Attahiru

Kurawa, 19 ga Agusta, 1984

Kalilu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Inna na nan da sauƙi. Ni ne dai ba lafiya ba, ba kuwa ta jiki ba.

Na yi abin da na rantse ba za ni yi ba. Mujallar ta iso da takardarka mai cewa Thompson ya sake cin zinariya a Amurka. Kwana uku tana akwati. Ranar Alhamis na sa ta a aljihu, na ce wa raina don in nuna wa Usmanu ne kawai. Da aka zauna, Baba Labbo ya fara tun kafin in gyara zama, wai a tambayi malam ko mutuminsa ya ƙara wasa na sha ɗaya, daka ko tankaɗe. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Na shimfiɗa hoton Buruno kwance a ƙasa a kan tabarma, na karanta da Turanci, na fassara da Hausa, har na maimaita turmin da abin ya faru. Usmanu yana ta taka mini ƙafa, ni kuwa daɗi ya rufe mini ido.

Tsohon ya ɗauki takardar ya kai ta kusa da fuska, ya daɗe yana kallo. Ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, “To, an kashe shi. Gardama ta ƙare, Malam, ka yi gaskiya.” Ya jawo takalmansa ya tashi. A daidai zaure ya yi kiciɓis da akusa ana fitowa da su, ya ba su hanya ya wuce.

Yau kwana uku bai fito ba. Na je gidansa na ce mai yiwuwa hoton na wani ne, ya ce idonsa bai mutu ba tukuna. Na ce to ai saura Coe da Thompson, muna son mai raba mu. Ya ce shi bai san gudu ba, bai san tsalle ba. Na sa an kai masa tuwo da sunan Inna, ya kira jikoki ya zauna yana kallo suka cinye, ya aiko a yi mata godiya.

Ka yi mini addu’a, na rasa ta inda za ni ɓullo masa.

Wanka,
Attahiru

Kurawa, 12 ga Satumba, 1984

Ƙanena Kalilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi sallar layya lafiya. Nan gida biyu kacal suka yi yanka a duk unguwa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, bana ko kara ba za mu samu ba.

Baba Labbo ya rasu ranar Asabar da hantsi. An ce gudawa ce, kuma gaskiya ne ya yi ta kwana biyu. Amma ni na kama a wankansa, na ga abin da gudawar ta tarar. Ni kaɗai na ɗaga shi na juya, kamar ana ɗaga buhun ƙaiƙayi. Har yanzu ba mu san inda za mu aika wa Illo ba.

Na yi ta zuwa, Kalilu, kada ka ce ban je ba. Na kawo masa maganar kokawa, na kawo ta damben da, har cewa na yi ’yan damben Isa sun fi na Gobir ko zai harzuƙa ya biyo ni. Sai ya yi murmushi ya ce in gaida mutanen majalisa.

Jiya bayan addu’ar uku muka taho da Usmanu. Tun ranar mujallar bai yi mini wata doguwar magana ba. Na ce masa abin da ke cina shi ne na karya wa tsoho zuciya da labarin da bai sani ba. Usmanu ya tsaya a hanya ya dube ni. Ya ce ranar da zai kai rediyon kasuwa, shi da Baba Labbo suka kunna shi na ƙarshe a shagonsa, kuma a ranar aka ba da labarin faɗuwar Buruno. Tare suka ji. Tsohon ya ce masa, “Usmanu, wagga magana ta tsaya nan. In babu gardama, da mi za ni zo?”

Ashe ya sani tun Mayu. Ya san dalilin da ya sa muke jan magana har magariba, ya san muna juya masa akushi. Duk tsokanar da yake mini, da dariyar da yake ba mutane su manta da gonakinsu na ɗan lokaci, abin da yake kawowa ciyayya ke nan tun da ba shi da tuwo. Ni da nake ganin ni ne mai rufa masa asiri, ni kaɗai ne a tabarmar nan ban gane ba.

Har yanzu muna fitowa bayan magariba, mu huɗu. Mukan cinye cikin ’yan mintoci, kowa ya ɗauki akushinsa ya shiga gida. Na ce wa Larai ta riƙa turo yaran gidanmu da rana, ta ce za ta yi shawara.

Kada ka ƙara aiko mini da jarida. In ka samu hali, garin rogo dai. Ka sa Baba Labbo a addu’a, ni ma ka sa ni.

Wanka,
Attahiru